Me ya haɗa harshen mutanen Hawayi da kifin tekunsu?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin kiwon kifi, ina shekarar ƙarshe. Na saurari wani shiri a rediyo inda aka ce mutanen Hawayi na asali suna farfaɗo da harshensu ne domin su ceci tekunsu, wai da harshen ya kusa mutuwa sai kifi ma ya ragu. Abin ya ɗaure mini kai. Kifi ai ba ya jin yare. Mu a aji kowane kifi yana da sunansa na kimiyya da duk duniya ta yarda da shi. To me ake rasawa idan harshen mazauna bakin teku ya ɓace? Gaskiya ce, ko kuwa siyasa ce aka lulluɓe da maganar muhalli?"

Ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya sa a gama lafiya. In na fahimce ka, so kake ka san ko akwai wani ilimin teku da ke zaune a cikin harshen mutanen da suka daɗe a bakinsa, wanda in harshen ya tafi zai tafi da shi, sannan ko rashin wannan ilimi yana iya kaiwa ga raguwar kifin kansa. E, akwai, kuma yana kaiwa. Sai dai ba ta hanyar da aka sa ka ɗauka ba. Kifin Hawayi bai ragu don mutane sun daina kiran sunansa ba. Hannun da ya raba mutanen da gaɓarsu shi ne ya raba su da harshensu, a zamani guda, kuma a cikin harshen nan ne ƙa'idojin kamun kifi suke ajiye: wane kifi za a ɗauka, mai wane girma, a wane dare, a wane wuri, da izinin wa. Ni aikina nazarin harshe ne, na kuma daɗe ina zama da masunta ina naɗar maganarsu, saboda haka ta wannan ƙofa zan shigo maka.

Hawayi tarin tsibirai ne a tsakiyar Tekun Fasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Kalifoniya. Tun 1959 jiha ce ta Amurka, amma kafin 1893 ƙasa ce mai sarautarta da tutarta da jakadunta. Mutanenta na asali dangin Mawori na Niyuzilan ne da mutanen Tahiti, sun iso cikin manyan kwale-kwale shekara 800 zuwa 1,000 da suka wuce. Ba su zo da shanu ko awaki ba, sai alade da kare da kaza, don haka mafi yawan naman da talaka ke ci daga teku yake fitowa. Wanda cikinsa ya dogara da abu haka, dole ya san shi ciki da bai.

Suna ɗaya a littafi, huɗu a bakin masunci

Mu fara da sunan kimiyya, tunda nan ka tsaya. Akwai wani kifi mai cin gansakuka, mai son inda ruwan kogi ya haɗu da na teku. A littafinku Mugil cephalus ne tun yana ɗan ƙanƙani har ya tsufa. A bakin masuncin Hawayi kuwa, in yana tsawon yatsa pua ne, in ya kai tafin hannu kahaha ne, in ya kai wajen santimita 20 ya zama 'ama'ama, daga santimita 30 zuwa sama 'anae. Sunan kimiyya yana gaya maka jinsinsa da danginsa, ya sa ɗan Najeriya da ɗan Japan su san kifi ɗaya suke magana a kai, kuma wannan aiki ne babba da ba wanda ya isa ya raina. Amma bai gaya maka ko ka ɗauka ko ka mayar ba. Sunayen nan huɗu kuwa, domin wannan aka yi su. Pua shi ne wanda ake tarawa a zuba a tafkin kiwo, 'ama'ama ya isa ci, 'anae shi ne babban da ke fita teku garke-garke lokacin nasa ƙwai. Yaron da ya tashi da waɗannan sunaye ya riga ya koyi rayuwar kifin kafin ya riƙe taru, ba tare da an zaunar da shi an ce yau za a yi darasi ba.

Kifin da ake kira moi ya fi wannan nuna abin da nake nufi. Duk moi namiji yake fara balaga, sai ya ƙara girma ya juye ya zama mace. Ke nan manyan da kowane mai fatsa ke burin kamawa su ne uwaye masu ƙwai. Mutanen Hawayi suna da suna dabam ga ƙananan, moi li'i, suna da mana moi da pala moi ga na tsakiya, sannan moi ga manyan. A Mo'omomi, wani yanki na gaɓar tsibirin Molokai inda mazauna suka kafa ƙungiyar kula da kamun kifinsu a 1993, abin da dattawa ke koya wa yara shi ne a ci daga na tsakiya, a bar ƙanana su girma, a bar manya su haihu. Dokar da ta ce kawai kada a kama wanda bai kai inci kaza ba, ta kare ƙananan, ta kuma tura kowa kan uwayen. Ka ga inda rabe-raben suna ya fi ma'auni ɗaya hangen nesa. Haka sunan wasu kifayen ke canzawa in sun girma: papio yake zama ulua, 'oama ya zama weke, halalu ya zama akule.

Lokacin kifi ana karanta shi a sama da tudu

Kowane dare cikin darare 30 na wata yana da sunansa a harshen Hawayi, daga Hilo, daren tsayuwar wata, har zuwa Muku, daren da ya ɓace. Akwai rukunin darare da ake kira 'Ole, waɗanda aka san ba su da albarkar su ko shuka, sai a zauna a gyara taru. Kai da ka karanta fannin ka san wata ne ke jan cikar teku da janyewarsa, kuma kifaye da dama da wata suke daidaita nasa ƙwansu. Moi, alal misali, a wasu darare ƙayyadaddu bayan cikar wata yake yi, a watannin zafi. Mai sunan kowane dare a bakinsa yana iya cewa ɗansa "a bar moi daga dare kaza zuwa dare kaza" cikin numfashi ɗaya, kuma yaron ya ɗaga kai ya duba sama ya tabbatar.

Shekara kuma a jikin itatuwa suke karanta ta. Suna da karin magana da ke cewa in 'ya'yan itacen hala sun nuna, to bushiyar teku, wata 'yar halitta mai ƙayoyi da ake ci, ta yi ƙiba, lokacin ɗibarta ya yi. Wata kuma ta ce in itacen wiliwili ya yi fure, kifin shak yana cizo. Wannan ta biyun ta daɗe ana ɗaukarta zancen tsofaffi. Sai wani bincike da aka buga a 2013, bayan an liƙa wa wani nau'in shak na'urorin bin sawu, ya nuna cewa wasu daga cikin manyan matan suna tahowa daga tsibiran arewa maso yamma zuwa tsibiran da mutane ke zaune a wajen Satumba da Oktoba, lokacin haihuwarsu, kuma lokacin ne aka fi samun cizo. Daidai da furen wiliwili. Mary Kawena Pukui, wadda ta rayu daga 1895 zuwa 1986, ta tattara irin waɗannan maganganu kusan 3,000, ita ce kuma ta haɗa babban ƙamus na harshen tare da Samuel Elbert a 1957. Ba don ita ba, da yawancinsu sun bi masu su kabari.

Akwai kuma hani na rabin shekara. Kifin 'opelu da kifin aku ba a kama su lokaci guda a da: in an buɗe ɗaya wata shida, an rufe ɗayan. Wanda ya san Argungu zai gane wannan da sauri, domin Matan Fada ma a rufe yake sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Daga dutse zuwa murjani

Mutanen Hawayi ba su raba ƙasa da teku yadda ma'aikatun gwamnati ke rabawa. Yankin mulkinsu na gargajiya, ahupua'a, yakan taso ne daga saman dutse, ya biyo kwari, ya ratsa gonaki, ya sauka gaɓa, ya shiga ruwa har bakin duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittu ke ginawa a cikin teku. Wakilin sarki mai kula da shi, konohiki, shi ke raba ruwan noma, shi kuma ke rufe kamun kifi ko ya buɗe. Dokokin Sarki Kamehameha na Uku na 1839 sun rubuta wannan a takarda: ruwan da ke tsakanin gaɓa da murjani na konohiki ne da mazauna wannan yanki. Har yau in ka tambayi hanya a Honolulu, babban birnin jihar, ko da Turanci ne, za a ce maka ka yi mauka, wato wajen dutse, ko ka yi makai, wajen teku. Waƙar asalinsu mai layi sama da 2,000, Kumulipo, da ƙwaron murjani ta fara lissafin halittu, sannan ta riƙa jero su biyu-biyu, na ruwa da ɗan'uwansa na tudu.

Inda na ga wannan da idona shi ne tafkin He'eia a tsibirin Oahu. Na je Honolulu wani taron masu adana harsuna, aka kai mu can ranar aikin gayya. Tafki ne mai faɗin eka 88, an zagaye shi da katangar dutse mai tsawon kimanin kilomita 2, wadda aka gina shekara 600 zuwa 800 da suka wuce, ba siminti, ba laka. Baƙin dutse ne jeri biyu, aka cike tsakaninsu da ɓaraguzan murjani. Kafin mu shiga, matasan da ke kula da wurin suka tsaya suka rera neman izini da harshensu. Sannan aka jera mu, dutse yana tafiya daga hannu zuwa hannu har inda ake gyara. A jikin katangar akwai ƙofofin ruwa da ake kira makaha, sanduna ne a tsaye an ɗaure su kusa da kusa, ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce shigar yatsa ba. Pua yana shigowa ta ratar, ya samu gansakuka ya ci, ya yi ƙiba, ya kasa fita. In teku ya fara cika, ruwa mai sanyi yana kwararowa ta ƙofar, sai manyan kifin su taru a bakinta suna fuskantar ruwan, mai tsaron tafki ya sa koma ya ɗebi abin da ake bukata. Ba a sayen abincin kifi. Rafin da ya biyo ta fadamun gwaza shi ke kawo taki, ya gauraya da ruwan gishiri ya zama zartsi, gansakuka ta tsiro. Kai ɗalibin kiwon kifi ne, ka san abin da abinci ke ci a kuɗin mai kiwo, to ka auna.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda wata budurwa ke nuna wa 'yan makaranta sassan katangar. Dutsen gindi yana da suna, na fuska yana da suna, ƙananan da ake cusawa don su riƙe manya suna da nasu. Da sunan take ba da umarni, yaro ya ɗauko daidai abin da ake so. Ambaliyar 1965 ta fasa katangar nan, ɓarakar ta zauna shekara 50 kafin a toshe ta a 2015, kuma ƙungiyar Paepae o He'eia, da aka kafa a 2001, ta sha fama da itatuwan mangurob, masu tsirowa a ruwan bakin teku, da aka shigo da su wurin a wajen 1922 suka cinye katangar. A gaɓar Afirka ta Yamma mangurob gata ne ga kifi, a Hawayi kuwa baƙo ne mai ɓarna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ilimin gaɓa na wuri ne, ba a ɗauko shi daga wata gaɓa a dasa.

Kada in manta da mata. A tsohuwar al'ada an hana su cin alade da ayaba da kwakwa da wasu kifaye, sai suka zama gwanayen ciyayin teku da ake kira limu. Isabella Abbott, mace ta farko 'yar asalin Hawayi da ta samu digirin digirgir a kimiyya, a 1950, daga mahaifiyarta ta fara koyon sunayensu, daga baya ta bi tsofaffin mata tana daidaita sunayensu da na kimiyya. Limu 'ele'ele, alal misali, inda ruwan daɗi ke shiga teku yake tsirowa. Tsohuwar da ta ce "da akwai 'ele'ele a nan, yanzu babu" ta ba ka labarin wani idon ruwa da ya ƙafe, ko rafin da aka karkatar, ko da ba wanda ya taɓa auna shi.

Yadda aka raba su da duka biyun

Bayan zuwan Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, a 1778, cututtukan da baƙi suka kawo sun yi wa mutanen kisan ƙare dangi. Daga dubban ɗaruruwa, ƙidayar 1896 ta same su ƙasa da 40,000. A rabon ƙasa na 1848 da dokar 1850 da ta biyo baya, abin da ya shiga hannun talakawa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba, aka kuma buɗe wa baƙi ƙofar saye. Kamfanonin rake suka haƙa magudanai suka kwashe ruwan rafuka zuwa gonakinsu. Rafi ya ƙafe, fadamar gwaza ta mutu, zartsi ya ɓace, pua ya rasa wurin girma. A Janairun 1893 wasu 'yan kasuwa, da goyon bayan sojan ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Lili'uokalani. A 1896 aka yi dokar da ta mayar da Turanci harshen koyarwa a makarantu, aka riƙa hukunta yaran da aka ji suna magana da harshen iyayensu. A 1898 Amurka ta haɗe tsibiran. Dokar 1900 ta buɗe kamun kifi ga kowa, ta ce duk mai haƙƙin konohiki ya yi rajista cikin shekara 2, kuma kimanin 100 kawai aka yi wa rajista daga cikin irin waɗannan wuraren kamun kifi 300 zuwa 400.

Dubi shekarun nan da kyau: 1893, 1896, 1898, 1900. Cikin shekara 7 an ɗauke sarauta, an ɗauke harshe daga makaranta, an ɗauke ikon rufe ruwa. Shi ya sa in ka ce siyasa ce, ba ka yi kuskure ba, sai dai siyasar ba lulluɓi ba ce, ita ce musabbabin. Wani ƙirge ya samu gurbin tafkunan kiwo 488 a tsibiran. A 1901 guda 99 ne suka rage ana kasuwanci da su. Na Pu'uloa sun tafi da aka mayar da wurin sansanin jiragen yaƙi na Pearl Harbor, na Waikiki sun tafi da aka haƙa magudanar Ala Wai a shekarun 1920, babban tafkin Kuapa kuma ya zama unguwar masu hali da matsayar jiragensu a shekarun 1960. Uban da ba shi da tafki, ba shi da ikon hana baƙo zuba taru, an kuma doki ɗansa a makaranta saboda harshe, da wane dalili zai koya masa sunayen darare? A farkon shekarun 1980 an ƙiyasta yaran da ke magana da harshen ba su kai 50 ba.

Abin da aka iya maidowa

A 1975 aka gama gina kwale-kwalen Hokule'a, a 1976 aka je Tahiti da shi ba tare da na'ura ba, da taurari da igiyar ruwa kawai. A duk Hawayi ba a samu mutum ɗaya da ya rage da wannan ilimi ba, sai da aka ɗauko Mau Piailug daga ɗan tsibirin Satawal na Maikuronesiya. Ka tambayi me ake rasawa, to ga shi nan: al'ummar da kakanninta suka gano tsibiran da babu kamarsu nisa, ta wayi gari sai ta yi aron mai ja mata jirgi. Wani ɗan Hawayi, Nainoa Thompson, ya koya a wurinsa, ya ja jirgin da kansa a 1980.

A 1978 harshen ya zama na hukuma a jihar tare da Turanci. A 1983 wasu malamai da iyaye suka kafa 'Aha Punana Leo, suna koyi da makarantun renon yara na Mawori, suka buɗe ta farko a 1984. A 1986 aka janye hanin 1896, a 1987 aka fara koyar da duk darussa da harshen a wasu makarantun gwamnati. Wata ƙididdiga ta hukuma a shekarun baya ta samu kimanin mutum 18,000 da ke magana da shi a gida. Sun kuma yi sa'ar da yawancin ƙananan harsuna ba su yi ba: daga 1834 zuwa 1948 an buga jaridu sama da 100 da harshen, shafi kusan 125,000. A 1902 wani alƙali kuma masunci daga Lahaina, Daniel Kaha'ulelio, ya yi ta rubuta hanyoyin su da wuraren kifi a jarida, mako bayan mako. Wannan taska tana nan, amma sai mai jin harshen ke iya buɗe ta. Ta ɓangaren doka kuma, a 1994 aka ba al'ummomi damar tsara ƙa'idojin su na yankinsu, ko da yake sai a 2015 Ha'ena a tsibirin Kauai ta samu nata, Miloli'i ta biyo a 2022.

Inda nake ja da masu kambama maganar

Harshe shi kaɗai ba ya kawo kifi. Na haɗu da matasa da suka yi karatunsu kaf da harshen Hawayi, suna iya jero darare 30 ba gargada, amma ba su taɓa kwana a gaɓa suna duban moi ba. Da yawa kuma daga cikin dattawan da suka fi kowa sanin teku ba sa iya doguwar hira da harshen, gaurayen Turancin nan da ya taso a gonakin rake suke yi, sai dai sunayen kifi da na iska da na wurare sun zauna daram a bakinsu. Wannan ya koya mini cewa aiki ne ke riƙe da kalma. Inda ake ci gaba da su, sunaye suna tsira ko da sauran harshen ya zube. Inda aka daina, sunan yana zama a ƙamus ba kifi a bayansa. Shi ya sa a ganina abin da ya fi kome daraja a Hawayi yau shi ne kai 'yan makarantar harshen cikin tafki, su haɗu da dattawan, kowa ya cike wa ɗan'uwansa.

Sannan ilimi ba ya kare kome in babu mai ikon hani. Mutanen Seri na gaɓar Sonora a Meksiko sun daɗe da sanin cewa kunkurun teku yana kwanciya a ƙasan ruwa lokacin sanyi, abin da masana kimiyya ba su rubuta ba sai a 1976. Da masu nutso na kasuwa suka gano wannan a shekarun 1970, cikin ɗan lokaci suka yi wa kunkurun illa. Sani ɗaya ne, amma ya faɗa hannun da ba ya jin hani. A Hawayi ma hanin da ake kira kapu ba wasa ba ne, yana haɗe da bautarsu ta gargajiya, wani lokaci hukuncin karya shi kisa ne, kuma sarakunansu da kansu suka rushe tsarin a 1819. Ba wanda ke neman maido da wannan. Abin da ake nema shi ne mazauna yanki su samu ikon cewa a dakata.

Kada kuma ka ɗauka sunan gargajiya ba ya kuskure. Wani lokaci suna ɗaya yana rufe jinsi biyu ko uku, wani lokaci sunan yana canzawa daga tsibiri zuwa tsibiri. Ruwan teku yana ɗumama, saboda haka lokacin da kaka ta sani yana iya gocewa, sai an sake lura an gyara. Mutanen da ke zaune a jihar yanzu sun kai miliyan 1.4, ban da miliyoyin 'yan yawon buɗe ido, ga tarun roba da injin jirgi da ƙanƙara. Babu karin maganar da za ta iya da wannan ita kaɗai. Ana bukatar ma'auninku da ƙidayarku.

In kana son ka taɓa wannan a aikinka na ƙarshe, ko a kogi ne ko a tafki, ga abin da zama da masunta ya koya mini. Kada ka je da hotunan littafi, domin masunci da motsi da launi da wurin zama yake gane kifi, kuma kifi yana canza launi in ya mutu. Ka je mashaya da asuba lokacin da kwale-kwale ke dawowa, ka tambaya kifin yana hannu. Kada ka tsaya a "mene ne sunansa", ka ci gaba: in yana ƙarami fa, in yana da ƙwai fa, yaushe ba a kama shi, wa ke hanawa, me ke fure a tudu lokacin da yake zuwa. Ka zauna da matan da ke banda da masu sayarwa, su ne ke buɗe cikin kifi kullum, sun fi kowa sanin watan ƙwai. Ka rubuta sunan kimiyya kusa da nasu, ka lura da inda suka saɓa, domin nan ne tambayoyin bincike masu kyau suke.

Za a kai lokacin da wani dattijo zai yarda da kai har ya gaya maka wurin da kifi ke taruwa. A Hawayi irin wannan wuri ko'a ake ce masa, ana gane shi ta daidaita alamomi biyu na tudu daga cikin ruwa, kuma a Miloli'i har ciyar da 'opelu ake yi a wurin da gwaza da kabewa kafin lokacin kamu. Sirrin gida ne, daga uba sai ɗa. In an ba ka irin wannan, ka tambaya ƙarara ko an yarda ya shiga takarda, in an ce a'a ka bar shi a waje ko da malaminka ya so taswira. Ka mayar musu da kwafin abin da ka naɗa. Wanda suka yarda a buga kuma, ka haɗa shi da sunan garin da ka ji shi, domin suna ɗaya yana iya nufin wani kifi dabam a garin da ke gaba.